Na'urar bin motsin kai a wasannin jirgin yaƙi: amsoshin tambayoyin da kuke yawan yi

Ni mai gyaran waya da kwamfuta ne a ƙasar Ringim, kuma ina cikin 'yan tsirarun da suke tuƙa jirgin yaƙi a kwamfuta a wannan yanki namu. Duk wanda ya ga mutum zaune gaban allo da 'yan ƙwayayen fitila uku maƙale a gefen kunnensa sai ya tsaya ya yi tambaya, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne daga Babura har Birnin Kudu, shi ya sa na tara su wuri ɗaya. Matsayata tun farko ita ce, mai ƙaramin ƙarfi ya fara neman na'urar kai kafin ya canza joyistik, wato sandar tuƙin wasa, kuma ba sai ya yi odar mai tsada daga waje ba.

Wai mece ce wannan na'urar, kuma me take yi?

Aikinta ɗaya ne: ta gane inda kanka ya juya, ta gaya wa wasan, shi kuma ya juya maka kallo a cikin ɗakin matuƙi. Ka waiga hagu, ka ga fiffiken hagu. Ka ɗaga kai, ka ga sama ta gilashin rufin jirgi. Ka matso gaba, agogunan da ke gabanka su matso, ka karanta sauran man da ke tanki.

Motsi shida ake ƙirgawa. Uku na juyawa ne: waiwaye hagu da dama, ɗaga kai da sunkuyar da shi, sai karkata shi zuwa kafaɗa. Uku kuma na gusawa ne: gefe da gefe, sama da ƙasa, gaba da baya. A cikin manhajoji za ka ga an rubuta wa na farkon Yaw, Pitch da Roll, na biyun kuma X, Y da Z. Akwai na'urorin da ukun farko kaɗai suke iya bi. Suna aiki, amma wanda ya taɓa leƙawa ta gefen ƙarfen gilashi ya hango jirgin da ya ɓuya a bayansa ba zai so ya koma musu ba.

To in na juya kaina baya, yaya zan ga allon da ke gabana?

Ba za ka juya baya ba. Manhajar ninka motsin take yi. Ka juya kai digiri 30 ko 35, a cikin wasa a juya maka 180, wato har wutsiyar jirgi. Kanka ya ɗan kauce, idonka yana nan a kan allo. Da baki kamar ba zai yiwu ba, amma jiki yana saurin sabawa.

Joyistik ɗina yana da ɗan maɓallin kallo a samansa. Me zai sa in ƙara wani kaya?

Saboda a faɗan sama wanda ya riga gani shi ke da nasara a hannu. Oswald Boelcke, matuƙin Jamus da ya tsara ƙa'idojin faɗan jirage a 1916, cikin abin da ya koya wa yaransa akwai cewa su sa rana a bayansu, kuma kada su ɗauke ido daga abokin karawa. Matuƙan yaƙin duniya sukan ɗaura ƙyallen siliki don kada kwalar riga ta goge musu fata saboda yawan waiwaye. Wanda ya taɓa kiwon kaji ya san shaho ba ya zuwa ta inda kaza take kallo. Daga sama yake faɗowa, kafin ta ankara ya sure ɗan tsako. Haka ake kakkaɓo sababbin 'yan wasa, sai dai kawai su ga fiffike ya kama da wuta, ba su san daga ina harsashin ya fito ba.

Maɓallin babban yatsa yana juya kallo, gaskiya ne, amma yatsan nan kana buƙatarsa wajen zaɓen makami da daidaita jirgi. Babbar matsalarsa kuma ita ce, in kana bin jirgi da shi a tsakiyar juyi sai ka manta inda hancin naka jirgin ya dosa, kana kallon abokin gaba kana gangarawa ƙasa ba ka sani ba. Da na'urar kai, wuyanka ne yake tuna maka. Ka ji ka karkata dama sosai, ka san bayanka kake kallo. Ka miƙe kai, ka dawo gaba, ba ka danna komai ba.

Jiragen gaske ma sun bi wannan hanya. A helikwafta Apache na Amurka, bindigar da ke ƙarƙashin jirgin tana iya bin inda hular matuƙi ta kalla, kuma MiG-29 na Rasha tun shekarun 1980 yana da abin saiti a jikin hular matuƙi.

Iri nawa ne, kuma wanne ya fi?

Wadda ta fi suna ita ce TrackIR ta kamfanin NaturalPoint da ke jihar Oregon a Amurka. Ta fara fitowa a 2001, samfurin TrackIR 5 kuma ya fito a 2009, har yau shi ake sayarwa. 'Yar kyamara ce da ake ɗorawa a saman allo, tana ganin hasken infirared, wato irin ɓoyayyen hasken da rimot ɗin talabijin yake harbawa, tana ɗaukar hoto sau 120 a daƙiƙa. A kanka kuma ko dai ka maƙala ɗan ƙarfe mai tambari uku masu mayar da haske a bakin hula hana-sallah, ko TrackClip Pro mai ƙwayaye uku a jikin hedifon. Kuɗinta yana kai wa dala 150 zuwa sama, ban da kuɗin kawowa, kuma akwai jabunta a kasuwannin intanet. Tana da sauƙin haɗawa, wannan ba musu.

Sai kuma hanyar kyauta, manhajar OpenTrack. Ita ba ruwanta da irin kyamararka. Tana iya bin ƙwayayen da ka haɗa da hannunka, tana iya bin fuskarka ta kyamarar laftof, tana karɓar saƙo daga wayar hannu, har takarda mai wani zane baƙi da fari da ake kira Aruco tana bi in ka buga ta ka manna a hula. Kusan duk wasan da ya san TrackIR yana karɓar OpenTrack.

Akwai masu amfani da ɗan guntun da ke jin juyi, irin wanda ke cikin waya, kamar EDTracker. Su ba ruwansu da haske ko duhu, sai dai motsi uku kawai suke bi, wasunsu kuma tsakiyarsu takan zame a hankali. Akwai Tobii na ƙasar Suwidin mai bin kai da ido ba tare da ka sa komai a ka ba, shi kuma ya fi TrackIR tsada.

A ganina, ƙwayaye uku na gida da kyamara mai kyau a kan OpenTrack, in an saita su da haƙuri, ba su bar wa TrackIR wata tazarar da za ta sa mutumin karkara ya sayar da buhunan riɗinsa ba.

Ba ni da ko sisi a yanzu. Da me zan fara?

Da abin da ke hannunka. Sauke OpenTrack, ba ta da nauyi. A wajen shigarwa zaɓi neuralnet tracker, a wajen fitarwa zaɓi freetrack 2.0 Enhanced, ka danna Start, ka ga ko ɗan hoton dorinar ruwan da ke gefe yana juyawa tare da kai. In yana juyawa, buɗe wasan. Wannan hanya tana cin ƙarfin kwamfuta kaɗan, don haka tsohuwar laftof takan ɗan yi nishi.

In haka ta faru, ɗora wa waya aikin. Manhajar SmoothTrack, wadda ake saya da kuɗi kaɗan, tana kallon fuskarka ta kyamarar gaba ta aika wa kwamfuta. A OpenTrack sai ka zaɓi UDP over network, ka rubuta adireshin IP na kwamfutar a wayar, lambar ƙofa 4242. Dole su kasance kan Wi-Fi ɗaya, amma ba a buƙatar data: ka kunna hotsifot ko da babu ko megabait ɗaya a layin, za su ga juna. In sun ƙi, galibi katangar tsaron Windows ce ta tare, sai ka ba OpenTrack izini. Jingina wayar a ƙarƙashin allo daidai tsakiyar fuskarka, ka cire mata kwaba, don tana zafi, musamman a watan Afrilu.

Yaya ake haɗa ta gida? Ina zan samu kayan?

Kayan ba su da yawa: ƙwan LED na infirared guda uku, rizisto ɗaya, tsohuwar igiyar USB, dalma, da wani abu mai ƙarfi mara nauyi da za ka yi firam da shi, kamar murfin kwalin faifan CD ko yankakken bututun roba. Masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin a Sabon Gari suna da ƙwayayen da rizisto. In tafiya Kano ba ta kama ba, tsofaffin rimot uku sun wadatar, kowanne akwai ƙwai ɗaya a bakinsa.

Ga inda ake yawan tuntuɓe. Ƙwan rimot haskensa a tsuke yake, gaba kawai yake harbawa, da ka ɗan juya kai sai kyamara ta daina ganinsa. Maganinsa shi ne ka goge masa ƙoƙon kansa da sanfefa har ya zama shafaffe, ka tsaya kafin ka kai ga ƙarfen ciki. Hasken zai bazu. Masu yin oda sukan nemi SFH485P saboda shi dama shafaffen kai gare shi.

Jera ukun a layi ɗaya na wuta, doguwar ƙafar wannan ta haɗu da gajeriyar wancan. Kowanne yana shan bolt 1.2 zuwa 1.5, USB kuma bolt 5 yake bayarwa, ragowar rizisto ne zai shanye. Ohm 22 zuwa 33 ya yi. Kada ka haɗa babu rizisto, ƙwayayen za su ƙone, ƙila ma su taɓa maka ramin USB. Da ka gama, ba za ka ga haske da ido ba. Haska kyamarar waya a kansu, za ka ga suna ci da wani launi fari-fari mai ruwan shuni. In kyamarar baya ba ta nuna ba, gwada ta gaba.

Wajen dasa su a firam, kada su zama a miƙe kan layi ɗaya. Ɗaya a sama, ɗaya a tsakiya ya ɗan ja baya, ɗaya a ƙasa ya miƙo gaba, duka suna kallon kyamara. Daga yadda tazarar da ke tsakaninsu take canzawa a hoto manhajar take lissafa juyin kanka, saboda haka ɗauko rula ka auna tazarar da milimita, ka shigar da ainihin abin da ka auna a shafin Model na PointTracker, wato mai bin ƙwayaye da ake zaɓa a wajen shigarwa na OpenTrack. Awon ido ba ya yi a nan. Bayan haka akwai maɓallin da ke koya wa manhajar inda tsakiyar kanka take daga firam ɗin: ka danna, ka waiga hagu da dama, sama da ƙasa a hankali, ka sake dannawa. Wanda ya tsallake wannan zai ga duk lokacin da ya waiga, kujerarsa tana zamewa gefe.

Kyamara kuwa, wadda aka fi yabo ita ce PS3 Eye da Sony ya fitar a 2007, don tana ɗaukar hoto 60 a daƙiƙa alhali yawancin ƙananan kyamarori 30 suke yi. Tambayi masu sayar da kayan gem na hannu a Kano, takan faɗo. Tana buƙatar direbanta na musamman a Windows. Wasu suna buɗe ta su cire ɗan gilashin da ke tare infirared, amma ka fara gwada ta yadda take, sau da yawa ƙwayaye masu ƙarfi suna ratsa shi. A gaban idon kyamarar kuma sai ka manna abin da zai tare hasken da ido ke gani: baƙin faifan cikin tsohon fulofi, ko baƙin bakin fim ɗin hoto da aka wanke, in wani tsohon mai hoto a garinku yana da saura.

Da dare lafiya lau take aiki, da rana kuma sai kallon ya yi ta fizga. Ta lalace ne?

Ba ta lalace ba, kuma a nan gizo yake saƙa ga mutanen ƙasarmu. Hasken rana cike yake da infirared. Manhajar ɗigo uku take nema, in ta ga na huɗu sai ta rikice ta kama shi a madadin ɗaya daga cikin naka, nan take ka ga kallonka ya wuntsila ƙarƙashin kujera.

Kafin ka taɓa kowane saiti, dubi ɗan hoton da OpenTrack take nunawa na abin da kyamara ke gani. Baƙi ƙirin ya kamata ya zama, da ɗigo uku farare. Duk wani abu da ya ƙaru, tashi ka nemo shi. Wani lokaci taga ce a bayanka. Wani lokaci ƙofa ce da labule ya ɗage. A ɗakin kwano kuma, hujin ƙusa guda ɗaya ya isa: rana ta ratso ta sauka a bango kamar kwabo, tana tafiya a hankali yayin da rana ke karkata, shi ya sa wani zai ce maka tasa ba ta tashi hauka sai bayan azahar. Da dare ma akwai nasu. Fitilar ƙwai, kyandir, garwashin kaskon turare, har jan bakin maganin sauro mai hayaƙi da aka ajiye a bayan kujera, duk suna fitowa fes a kyamarar. Ƙwan sola na LED shi ba ya damun ta sosai.

Gyaran zama ya fi gyaran manhaja. Ka ba bango baya, taga ta kasance a bayan allo ko a gefe, ka sa mata labule mai kauri, ka toshe hujin kwanon. Sannan ka shiga saitin kyamara ka rage Exposure da Gain har komai ya ɓace sai ƙwayayenka, ka ja Threshold har ɗigon su tsaya cak ba sa rawa. Nisanka da kyamara ya zama kamar santimita 60 zuwa mita ɗaya, kuma ka ɗan gusa ta ɓangaren da firam ɗin yake, don kada kuncinka ya rufe shi in ka waiga.

Ka lura da wani abu: mai bin fuska haske yake so, mai bin ƙwayaye duhu yake so. Mai bin fuska yana buƙatar haske ya sauka a fuskarka daga gaba, in ba haka ba kyamarar laftof ba ta rabe ido da hanci a ɗaki mai duhu, balle a fatarmu. Don haka wanda ɗakinsa ba ya rufuwa da kyau ya yi amfani da fuska da rana, ƙwayaye da dare. OpenTrack tana ajiye saiti daban-daban, canzawa ba ta ɗaukar minti ɗaya.

Na haɗa, tana aiki, amma kallon yana rawa, ban iya saita bindiga ba.

Saura aikin shafin Mapping, inda ake zana layin da ke cewa motsi kaza na kai ya zama motsi kaza a wasa. Kada layin ya miƙe sambal. A kusa da tsakiya ya kwanta, yadda ƙaramin motsi ba zai girgiza kallo ba, sannan ya riƙa miƙewa sama yayin da kake nisa da tsakiya. Don gano iyakarka, juya kai har inda idonka yake ganin allo ba tare da ciwo ba, wannan wurin shi za ka ba 180. Ɗaga kai ya fi waiwaye gajarta, digiri 20 zuwa 25 ya kai ka kallon saman kai. Ka ba wannan muhimmanci, don a faɗan juyi abokin gaba a saman gilashin rufi yake zama mafi yawan lokaci.

Mutane suna son sa wa tsakiya babban fili da ba ya motsi sam. Ban goyi bayan haka ba. Kallon yakan maƙale sannan ya fizge, kuma hakan ya fi rawar wahalarwa. Ƙaramin fili ya isa, sauran a bar wa matacin Accela, wato saitin OpenTrack mai tace rawar motsi, a ƙara masa laushi kaɗan-kaɗan. In laushin ya yi yawa, kallo zai riƙa biyo kanka a makare.

Karkata kai zuwa kafaɗa, ka kashe shi a makon farko ko ka bar shi daidai da daidai. Gusawa gefe kuwa kada ka kashe. A jiragen yaƙin duniya na biyu akwai farantin ƙarfe a bayan kan matuƙi, in ka waiga shi za ka gani, sai ka leƙa ta gefensa kafin ka ga wutsiya. A nan ne za ka buƙaci Relative translation a OpenTrack, ko TrueView a TrackIR, don in kana kallon baya ka karkata, kallon ya tafi inda jikinka yake tsammani. Haka kuma a Bf 109 na Jamus gilashin saitin bindiga ba a tsakiya yake ba, ya ɗan gusa dama, sai ka matsa kai kaɗan kafin zoben hasken ya bayyana. Irin wannan gilashi, muddin kana ganin zoben to yana nuna inda harsashi zai bi, ko da kanka ya ɗan motsa. Saboda haka ba sai ka sandare kamar gunki ba.

Canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, ka tashi jirgi ka gwada, sannan ka taɓa na gaba.

Tsakiyar tana gocewa in na gyara zama.

Haka take. Sa maɓallin Center a jikin joyistik inda yatsa zai kai ba tare da ka duba ba. Ka zauna yadda za ka daɗe, ka kalli tsakiyar allo, ka danna. Masu TrackIR su sani F12 ne yake mayar da tsakiya, F9 ya dakatar, kuma maɓallan nan biyu suna da nasu aikin na canza kallo a wasan DCS World, don haka a sauya musu wuri. Kujerar roba mai lanƙwasa ƙafa da zaman tabarma duk suna ƙara wannan matsala. Nemi kujera mai tsayayyen baya.

Ina jin jiri da ciwon wuya. In haƙura da ita?

Jiri na kwanakin farko ba baƙon abu ba ne, ido da kunnen ciki ne ba su daidaita ba tukuna. Yi minti 15 ko 20 ka tashi, kuma ka fara da shawagi kawai, babu faɗa: ka bi kogi, ka kewaya filin jirgi kana kallon titin sauka ta gefen fiffike. In wasan yana tsinkewa, rage masa kyan hoto, don tsinkewar tana ƙara jiri. Ciwon wuya kuwa alama ce ta cewa kana juyawa fiye da kima, sai ka ƙara ninkin. In jirin ya ƙi tafiya ko ya zo da ciwon kai mai tsanani, ajiye ta ka je asibiti a duba ka.

Waɗanne wasanni ne suke karɓarta, kuma wanne ya dace da mai ƙarancin data?

Ita kanta na'urar ba ta cin data ko kaɗan. Wasannin ne suke ci.

IL-2 Sturmovik: 1946, wanda ya fito a 2006, shi nake fara nuna wa mai tsohuwar laftof. Ba ya buƙatar intanet, jiragensa sun haura ɗari biyu, kuma in an ɗora masa sababbin gyare-gyarensa yana bin motsi shidan duka. A cikinsa akwai Hurricane, irin jiragen da Ingila take haɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana tun daga 1940, su biyo ta Legas, su sauka a Kano, su wuce Maiduguri da Sudan har Masar. Kakanninmu sun ga wucewarsu. Falcon BMS na masu son F-16 ne, kyauta yake amma sai kana da ainihin Falcon 4.0 na 1998, kuma karatu ne sosai. War Thunder kyauta ne, sai dai ba ya tashi sai da intanet, kuma a ɓangarensa na Simulator ne na'urar take nuna amfaninta.

DCS World shi ne babba. Ana sauke shi kyauta da jirage biyu, Su-25T da TF-51D, amma sai ka ware masa fiye da gigabait 100 da RAM 16 zuwa sama. Wannan ba aikin datar waya ba ne, sai dai ka shiga Dutse ko Kano inda ake da intanet mai ƙarfi. Cikin jiragen da ake saya a ciki akwai L-39ZA, irin wanda rundunar sojin saman Najeriya take koyar da matuƙa da shi a makarantarta ta Kano, da JF-17 wanda rundunar ta ƙaddamar da guda uku a Makurɗi a 2021. A yawancin jiragen DCS kusan kowane maɓalli na ɗakin matuƙi ana danna shi, wasu a gefen cinya suke, wasu a bayan sandar tuƙi. Babu na'urar kai, nemo su kaɗai aiki ne.

Yaya, ni da hijabi nake zama. Zai yi mini? Ƙanena kuma yana sa tabarau.

Zai yi, ƙanwata. Mai bin fuska ido da hanci da baki yake nema, hijabi bai rufe su ba. In ƙwayaye ne, ki ɗora hedifon a saman hijabin, ki tabbata mayafin bai faɗo kan ƙwan ƙasa ba. Kuma kada kowa ya ce miki wannan fage na maza ne: a 2019 Kafayat Sanni ta zama mace ta farko da ta samu lambar tuƙa jirgin yaƙi a Najeriya.

Tabarau yakan dami TrackIR mai tambarin hula, saboda kyamarar ce take haska fuska, gilashin kuma ya mayar mata. Da ƙwayaye masu kunna kansu matsalar ba ta cika tasowa ba. Masu hula kube ko zanna su ma su bi ta hedifon, tunda babu bakin da za a maƙala ƙarfen.

Malam, yarona ya matsa mini in saya masa. Wannan abin karatu ne ko shiririta?

Allah ya ƙara girma, Baba. Gaskiyar magana wasa ne, kuma ba zai mayar da shi matuƙin jirgi ba. Hanyar wannan tana makaranta: NDA a Kaduna ga mai son soja, kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ga mai son farar hula, kuma duka biyun sai da lissafi da kimiyya da Turanci. Amma wasan ba fanko ba ne. Yaron da ya dage zai karanta littafin jirgi mai ɗaruruwan shafuka, ya koyi taswira da kamfas, ya san dalilin da ya sa fiffike yake ɗaga ƙarfe sama.

Shawarata, kada ka saya masa. Ka ba shi kuɗin ƙwai uku da rizisto ya haɗa da hannunsa, ko ka turo shi wajen mai gyara ya zauna a koya masa riƙe dalma. Ka yanka masa lokaci, ban da lokacin salla da makaranta da aikin gona, kuma ka zauna gefensa wata rana ka ga abin da yake yi da idonka, don akwai harbi a ciki, ya kamata ka san irinsa.

Ba maguɗi ba ne a kan waɗanda ba su da ita?

A'a. Masu wasannin ne da kansu suka sa ta a ciki. A zaurukan intanet masu tsauri ma ana kashe kallon waje da maɓallin da ke maƙale ido a kan abokin gaba, ka ga kusan duk wanda za ka kara da shi a can yana da tasa.

Ba gara in tara kuɗi in sayi gilashin VR ba?

VR, wato gilashin da ake ɗaurawa a fuska ya rufe ido, ya fi ta sa mutum ya ji yana cikin jirgi, amma yana son katin hoto mai tsada da wuta mai yawa, ba ka ganin kibod, kuma don ka ga bayanka sai ka juya da gaske. Ga zufa a ɗakin da babu fanka. Ga mai sola ƙarama, ba shi ne na farko ba.

Tana cin wuta? Zan iya sa ta a fawa banki?

Ƙwayaye ukun ba sa kai wa miliamfiya 100, kyamarar ma daga USB take sha. Kwamfutar ce mai cin batirin inbata. Fawa banki zai raba ka da igiyar da ke jan kunne, sai dai da yawansu suna kashe kansu in abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, ka ga ƙwayayen sun mutu kana tsakiyar faɗa. Gwada naka na minti biyar kana kallonsu ta kyamarar waya kafin ka dogara da shi.

Mu huɗu muke amfani da kwamfuta ɗaya. Sai mun riƙa sake saiti kullum?

A'a, kowa ya ajiye nasa da sunansa a jerin Profile, don tsawon mutum da yadda yake juya wuya ba ɗaya ba ne. Ku sa wa mazaunin kyamara alama da salatif a saman allo, ku zana wa ƙafafun kujera wurinsu a ƙasa da alli. Lokacin hunturu ƙura takan kwanta a idon kyamara har ɗigon su yi dishi-dishi, sai a hure ta tukuna sannan a goge da ƙyalle mai laushi, don gogewa kai tsaye tana karce gilashin. In an tashi, a kifa wa kyamarar kofi, a rataye firam ɗin a ƙusa inda yara ba za su kai ba, saboda lanƙwasa ƙafar ƙwai ɗaya ta isa ta ɓata awon da kuka shigar, sai an sake ɗauko rula.